Sigarin Darakta da Karamcin Mutanen Adar

Tun da na miƙa makullan ofis na koma zaman gida, abubuwa da yawa na aiki sun soma sulalewa daga kaina, har wani lokaci sai na tambayi uwargida sunan mutumin da muka yi shekaru muna zaune tebur ɗaya. Amma ban taɓa mantawa ba da ranar da direbanmu ya fizge abu daga bakin darakta, a gaban maigari da dattawansa, kuma da umurnina. Ku matasan da kuka gaje mu kun sha jin labarin nan, kowane mai faɗi da gishirin da yake ƙarawa. Har an ce mani wai a ranar na ruga da gudu, babbar rigata na tashi sama. Ban yi gudu ba. Ban taɓa gudu a bakin aiki ba. Don haka na ga ya kamata in rubuta abin yadda ya auku, tun da sauran shaidu a raye.

A lokacin ni ne shugaban sashen gyara a ofishin ruwan karkara na Tawa, wato shef kamar yadda ake kira, ritayata kuma ta kusa. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. A ƙauyuka da yawa na arewacin Adar an haƙa foraj, rijiya mai zurfi wadda inji ke hudawa. A can ƙasa ake saukar da famfo mai aiki da wutar sola, ya turo ruwa zuwa shato, babban tankin nan da ke bisa ƙafafun ƙarfe, daga nan ruwa ya sauko wa mutane da dabbobi. Tsakanin farantan sola da famfon akwai wani akwati mai ƙayyade ƙarfin wutar da za ta shiga. Mu ke daidaita shi, mu sa kwaɗo, mu tafi da makulli. Kowane gari yana da komite mai kula da ruwan, da perezidan a kansa. Idan bazara ta kama, tabkuna suka ƙafe, nauyin mutane da garkuna duka ya koma kan foraj, sai mu fita turne, wato rangadi, mu bi garuruwa mu duba lafiyar kayan.

A turnen da nake magana mu uku muka fita: ni, da darakta, da direba.

Daraktanmu Mushe Sumana (Mushe laƙabin girmamawa ne na Faransanci) Bazabarme ne daga bakin kogi, injiniya mai ilimi na gaske. Ya fi ni muƙami, na girme shi a shekaru, kowanenmu kuma ya san haka, shi ya sa muka zauna lafiya. Yana ce mani Malam Illa, ina ce masa Mushe Darakta ko da mu biyu ne cikin daji. Aibinsa ɗaya, sigari. Tun yana ɗalibi yake sha, irin shan nan da ake kunna wani da wutar wani. Watanni kaɗan kafin turnen ciwon ƙirji ya kwantar da shi asibiti, har aka ɗauko mahaifiyarsa daga gida. Likita ya gaya masa ba kwana-kwana cewa huhunsa ba zai ɗauki wata kwanciya irin wannan ba. A gaban tsohuwar ya yi alkawarin ba zai ƙara sa karan sigari a baki ba.

Ya dawo aiki ya gwada goro, ya gwada alewa, ya zama mutum mai wuyar zama, har sakatarenmu ya koma shiga ofishinsa da addu'a. Sai ƙanensa da ke Turai ya zo hutu ya kawo masa abin da ake kira sigarin lantarki. Ni ban taɓa shan taba ba, ban kuma zo in yi wa abin nan talla ba. Likitan ma cewa ya yi a riƙe shi na ɗan lokaci a sake. Amma tun da labarin ya rataya a kansa, dole in bayyana shi. Ɗan akwati ne da ya cika tafin hannu, da batir a ciki, da ɗan tanki mai ruwa mai ƙanshi a sama. Cikin tankin akwai abin da zan kira kai: siririyar waya naɗe da auduga. Audugar na shan ruwan, wuta na zafafa wayar, ruwan ya zama tururi, mutum ya zuƙa. A jikin akwatin akwai ɗan allo mai nuna lamba, da madannai biyu ƙanana, na ƙari da na ragi, da wani babba da ake dannawa in za a zuƙa. Lambar nan ita ce ƙarfin wutar, wato wat nawa ke shiga kai. Ƙanen ya daidaita masa ita, ya ce kada ya taɓa, ya bar masa kawunan canji, ya koma. Ranar da muka fita saura uku, ɗaya a ciki biyu a aljihu, kuma a Tawa ba mu san mai sayar da irinsu ba, sai an aika Yamai. Sigari kuwa kowane mai tebur a kowane ƙauye yana da shi.

Direbanmu Agali Buzu ne daga arewa, dogo, mai rawani, wanda ya san kowane rami na hanyoyin nan. Kun san wasan da ke tsakanin Buzaye da Zabarmawa. A ofis kaf shi kaɗai ke iya gaya wa darakta abin da ya ga dama, darakta ya rama, mu kuwa mu yi kamar muna duba takardu. Tun fitarmu daga gari, da darakta ya zuƙa ya cika mota da ƙanshin mangwaro, Agali ya soma.

"Yarona," ya ce, "ku Zabarmawa ragwanci ya kai ku nan? Ashana ma kun gaji da ƙyastawa, sai an sa ma taba batir?"

"Tuƙa motarka," in ji darakta. "Kai da har yanzu in za ka tsaya sai ka ce mata ta durƙusa."

"Ko raƙumina in ya ji warin mangwaro ga bakin namiji, barin garin yake yi."

Haka muka tafi.

Akwai wata al'ada ta turne da ya kamata ku sani, domin a kanta kome ya juya. Idan ma'aikata suka sauka gari, kafin a kawo ruwan sha ma, perezidan na komite zai ce a tattaro salular baƙi a kai caji, tun da galibi a gidansa ko a ɗakin famfo ake da wuta. Direba ke tattarawa ya miƙa, shi ke karɓowa in za a tashi. Ba a tambaya, ba a ƙi. Mutumin Adar ba ya son baƙo ya bar garinsa da wani abu nasa a rage. Jarkar ruwan mota za a cika, cikin baƙo za a cika, salularsa ma haka.

Garin farko a ƙasar Barmu yake. Muka duba famfo, muka sa aka goge farantai, muka ci tuwo, aka maido mana da kayanmu, har da ɗan akwatin darakta da Agali ya haɗa da salula. Mun ɗan yi nisa sai darakta ya zaro shi ya zuƙa ba tare da ya duba ba, yadda hannu ya saba. Tari ya sarƙe shi, irin wanda ke sa mutum ya riƙe ƙirji, idanunsa suka kawo ruwa, motar ta cika da ƙaurin tsumma.

"Wa ya sa wando ga wuta?" in ji Agali.

Na ce a tsaya. Muka sauka ƙarƙashin wata aduwa, na sa tabarau, na nemi izini na karɓi abin. Allon na nuna tamanin. Na kwance kai, audugar ta yi baƙi ƙirin. Na juya shi a hasken rana sai na ga ƙananan rubutu a gefensa, kamar yadda ake yi wa kowane kayan lantarki na kirki: daga sha biyu zuwa sha takwas.

Na ce, "Mushe Darakta, a lamba nawa ƙanenka ya bar maka shi?"

Ya ce, "Wallahi Malam Illa, ban taɓa dubawa ba. Ya ce kada in taɓa, ni kuma ban taɓa ba."

"To wani abu ya taɓa. An ba mai ɗaukar sha takwas tamanin."

Ban taɓa riƙe irin abin nan ba sai ran nan, amma mu da muka yi lakol, wato makarantar boko, a zamanin da ake haddace dokokin lantarki a tsaye, siffar abu ba ta ruɗa mu. Waya ce da wuta da ruwa. In wutar ta fi ruwan da audugar ke iya jawowa, audugar ta bushe ta ƙone. In wutar ta yi kaɗan, ruwan ba zai zama tururi ba, sai ya taru ya riƙa ƙara kamar mai kurkure baki. Na sa sabon kai, na ce a jira audugar ta jiƙa sosai kafin a ba ta wuta. Darakta ya ce har yaushe, na ce har Agali ya gama dafa shayi. Daga nan na maida lambar ƙasa da abin da aka rubuta, na miƙa masa.

Nan aka yi aikin da ban taɓa tsammanin zan yi ba a ƙarshen hidimata ga ƙasa. Darakta na zaune bisa tabarma yana zuƙa, ni ina tsaye ina tambaya kamar likita.

"Yaya?"

"Iska kawai."

Na ƙara ɗaya. "Yanzu fa?"

"Kamar ana shan mangwaro a maƙwabta."

Na ƙara. Muka bi ta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ina hana shi zuƙa a jere don audugar ta samu ta sake sha. Da muka kai sha biyar ya lumshe ido don daɗi. Na gwada sha bakwai, ya ce ya soma jin zafi a maƙogwaro. Na dawo sha biyar na tsaya.

"Iyakarta ke nan?" ya tambaya, yana kallon lambar kamar an rage masa muƙami. "Abin da ke kaiwa tamanin?"

"Batir ne ke kaiwa tamanin, Mushe Darakta. Audugar ba ta san kai darakta ne ba."

Agali ya ce, "Sha biyar ma ta yi ma Bazabarme yawa. Raba mashi biyu."

Muka yanke cewa aljihu ne ya danne madannin. Na ba darakta gidan tabarauna na ƙarfe ya riƙa ajiye abin a ciki, ni kuma na naɗe tabarau a hankici.

Washegari muka sauka wani gari a ƙasar Afala. Aka tattara salula har da gidan tabarau, aka kai, aka maido. Muna fita gari darakta ya buɗe gidan tabarau ya zuƙa, abin jiya ya sake aukuwa, wannan karo ma tarin ya fi tsanani, sai da muka ba shi ruwa. Na duba allon: tamanin. Aljihu kuwa ba ya buɗe gidan ƙarfe.

Darakta ya daɗe yana kallon Agali. Da ya buɗe baki, muryar ba ta wasa ba ce.

"Agali, ta hannunka kaɗai abin nan ke bi."

"Ni?"

"Ka ɓoye mani hula, ka zuba mani gishiri a shayi, duk na yi dariya. Wannan kuwa raina ne. Daga yau babu wasa tsakanina da kai. Kai direba ne, ni darakta."

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Wasan nan ba su biyu suka ƙulla shi ba, gadonsa suka yi, kuma ban taɓa jin wanda ya kwance shi da baki ba. Agali bai rantse ba, bai kare kansa ba. Ya ja rawani ya rufe baki har hanci, ya ce, "To, Mushe Darakta." Ban taɓa jin ya kira shi da wannan suna ba sai ran nan.

Na sa kai na ƙarshe, na jira ya jiƙa, na maida lamba sha biyar. Da muka ratsa kasuwar wani ƙauye na ga idon darakta ya tsaya kan teburin mai sigari, wuyansa na juyawa har muka wuce. Ya lura na gani. Ya ce a hankali, "Malam Illa, na san kaina. In wannan ya ƙone, teburin farko da muka tarar zan ce a tsaya. In kuwa na kunna ɗaya, an gama." Na ce ya riƙa duba lambar kafin ya zuƙa. Ya ce zai duba. Ban gamsu ba, domin na san mutumin: idan ransa ya ɓaci, hannunsa na riga idonsa.

Da gari ya waye muka kama hanyar Tabaram. Doguwa ce, rairayi da duwatsu, amma ban taɓa jin tsawonta kamar wannan karo ba. Agali na tuƙi kamar an ɗaure masa baki. Ko da muka faɗa rami bai ce motar ta gaji da nauyin Bazabarme ba.

Garin da muka nufa shi ne mai babbar matsala. Famfonsu ya tsaya, mata na tafiya mai nisa da jakuna neman ruwa, garkuna sun yi cirko-cirko a bakin busassun komaye. Perezidan na komite, Alhaji Nomau, dattijo mai fara'a wanda ya yi ƙuruciyarsa yana fatauci a Abijan, ya tarbe mu da hannu biyu. Da ya nemi salula, Agali ya miƙa tasa da tawa, ya ce kayan darakta ba ya taɓawa. Darakta ya ce nasa na nan wurinsa, an gode. Amma da zai hau shato ya duba, ya tuɓe kwat saboda zafi ya ajiye bisa tabarma, da salula da gidan tabarau a kai. Ni ban lura ba, hankalina na kan famfo.

Na shiga ɗakin famfo na tarar da abin da na zata. An ɓalle kwaɗo, an kawo wani mai gyaran rediyo ya taɓa akwatin, don famfon ya riƙa aiki da dukan ƙarfinsa ba tsayawa. Foraj ɗin nan kuwa a hankali yake tara ruwa. Famfon ya janye abin da ke akwai, ya koma jan iska, ya yi zafi, ya ƙone. Da darakta ya sauko na ba shi rahoto, aka kira taro a rumfar maigari.

Taron bai yi daɗi ba. Makiyaya na cewa ruwan ba ya isa, 'yan gari na cewa makiyaya ne suka matsa, wani dattijo ya tashi ya ce in za a kawo sabon famfo to a sake shi ya yi aiki da ƙarfinsa duka, a daina ɗaure shi kamar ɗan akuya. Darakta na bayani da lissafi, ana katse shi, jijiyar goshinsa ta tashi. Ni na koma ɗakin famfo, can ƙarshen fili, in rufe akwatin. A nan Alhaji Nomau ya same ni, fuskarsa cike da murna, ya miƙo mani salulata.

"Malam Illa, ga taka ta cika. Ta Mushe ma na maida mashi bisa kwat nashi, da 'yar tabar nan. Ita kam ta ba ni wahala."

"Wace wahala, Alhaji?"

"Ai ba ta cika da kanta. Ka sa ta ga wuta har ka gaji, tana nan sha biyar. Sai ka danna ɗan abin nan ka riƙe, sannan ta hau. Perezidan na wajen Barmu shi ya gano dabarar, ya kira na Afala ya gaya mashi, na Afala ya kira ni tun jiya, ya ce kada in ji kunya baƙo ya tashi da abu sha biyar cikin ɗari. Na yi iyakar yi na, ta ƙi wuce tamanin. Ka ba shi haƙuri."

Na san shugabannin komite na kiran juna kafin mu iso, su sanar da juna wanda ba ya cin yaji da wanda ke son shayi ba sukari. Ban san har da wannan ba.

Na juya. Tsakanina da rumfar akwai fili mai faɗi. Na hango darakta ya jawo kwat, ya buɗe gidan tabarau, idonsa na kan dattijon da ke magana, hannunsa na aikin kansa. A nan ne masu ƙarin gishiri ke cewa na ruga. Da gwiwata da shekaruna, ko na ruga ba zan isa ba. In ɗaga murya kuwa in tsawata wa shugabana a gaban maigari, wannan ba tarbiyyar da aka yi mana ba ce. Amma Agali na tsugune a bakin rumfar, kusa da shi, yana hura gawayin shayi. A duk filin nan mutum ɗaya ne al'ada ta ba ikon kai hannu bakin darakta, kuma jiya-jiya aka ƙwace masa ikon.

Na kira shi da muryar da ta isa ta kai ba tare da ta zama ihu ba: "Agali, karɓe wa yaronka abin nan."

Ya dube ni, ya dubi darakta. Ban san abin da ya auna a ransa ba, amma bai daɗe yana aunawa ba. Ya miƙe, dogon hannun nan ya wuce ta kan kafaɗar wani dattijo, ya zare abin daga leɓen darakta kafin yatsa ya danna.

Darakta ya miƙe tsaye. Agali ya sauke rawani daga bakinsa, ya dubi maigari ya ce, "Ranka shi daɗe, ku yi haƙuri da shi. Bazabarme ne, ba a koya mashi ba. Ka taɓa ganin yaro na shan taba gaban ubangidanshi, ubangidan bai ɗanɗana ba?"

Da aka ji Bazabarme, aka dubi rawanin Agali, kowa ya gane, dariya ta ɓarke, har da dattijon mai maganar ɗan akuya. Darakta kaɗai bai yi ba. Kafin dariyar ta lafa na iso, da tafiyata ta kullum. Na karɓi abin daga hannun Agali, na nuna wa darakta allon, na gaya masa a kunne abin da Alhaji Nomau ya gaya mani, tun daga Barmu.

Ya kalli tamanin ɗin. Ya kalli Alhaji Nomau, wanda ya iso bayana yana murmushi yana jiran godiya. Ya kalli Agali. Sai ya zauna, ya rufe fuska da hannu yana dariya.

Abin da ya yi bayan haka shi ya sa har yau nake girmama shi. Bai ce wa Alhaji Nomau ya yi kuskure ba. Cewa ya yi, "Alhaji, an gode, Allah ya saka da alheri." Sannan ya zaro ƙonannun kawunan nan biyu daga aljihu, ya ba maigari, ya ce a zagaya da su kowa ya shinshina. Ya bayyana musu cewa lambar nan ba cika take nunawa ba, ƙarfin wuta ne, kuma audugar ciki a hankali take shan ruwa; in an ba ta wutar da ta fi shanta, ga abin da ke fitowa. Ya ce shi ma da yake injiniya ya ƙone biyu don bai tsaya ya duba ba. Ya ƙare da cewa, "Foraj ɗinku ma haka yake tara ruwa. Akwatin da Malam Illa ke rufewa ba rowa ba ne."

Dattijon nan ya shinshina audugar, ya yamutsa fuska, ya miƙa wa na kusa da shi. Ba zan ce muku an tashi kowa na murna ba. An ci gaba da gardama kan lokacin shayar da garkuna har la'asar. Amma ba wanda ya sake cewa a saki famfo. Alhaji Nomau kuwa ya riƙe ɗan kan a tafinsa ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Ashe mu ukun nan mun so mu kashe baƙo da alheri."

Saura Agali. Darakta ya taka har bakin gawayin ya tsaya.

"Na yi maka zato," ya ce. "Ka yafe mani."

"Direba ba ya yafe ma darakta," in ji Agali. "Wannan sai ubangida da yaronshi."

"To, ubangida."

"Ban ji ba, iska na kaɗawa."

Sai da ya maimaita. Tarar da aka yanke masa ita ce ya dafa shayin da hannunsa, ya miƙa wa Agali kofin farko. Ya tsuguna ya dafa, gari na kallo. Agali ya kurɓa, ya ce a rayuwarsa bai taɓa shan shayi marar daɗi irin wannan ba, ya miƙa kofi a ƙara masa.

Ni kuma na maida lambar sha biyar, na rufe ƙananan madannan nan biyu da guntun kwali, na naɗe da baƙar robar nan mai manne da muke naɗe waya da ita. Daga baya ƙanen darakta ya ce ai abin yana da hanyar kullewa ta cikinsa. Na ce madalla, amma kullen da ido ba ya gani ba ya tsaida mai niyyar alheri, sai ya yi ta dannawa har ya buɗe. Nawa kuwa duk wanda ya gani ya san an ce kada a taɓa.

Da za mu tashi Alhaji Nomau ya kawo mana cuku. Ni da Agali aka cika mana jaka. Ta darakta ɗan kaɗan ne a gindi. Ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Ga naka, Mushe, sha biyar. Kada ka ƙone." Sai da muka isa Tawa muka ga ya sa an cusa sauran a bayan mota, har ya fi namu.

Kai na ƙarshen nan ya kai mu gida, ya kuma riƙe har saƙon Yamai ya iso. Mun wuce tebura da yawa a hanyar komawa, ba mu tsaya a ko ɗaya ba. Kafin in yi ritaya Mushe Sumana ya ajiye sigarin lantarkin ma, ya koma tauna asuwaki, kuma da Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa daga baya, ta tafi alkawarin da ya yi mata na nan bai karye ba.

Ku da ke fita turne yanzu, ga abin da na ɗauka daga wannan. A lakol ana koyar da cewa sakaci ke lalata kayan aiki. Amma da yawa daga famfunan da na ciro a ƙone a Adar ba sakaci ya ƙone su ba. Wani ne ya so garinsu ya sha ruwa da yawa, da wuri. Mutanenmu ba su iya ba da rabi ba. Kada ku yi musu faɗa a kan wannan, domin shi ne ke sa ku tarar da tuwo a garin da ba ku san kowa ba. Naku shi ne ku karanta abin da aka rubuta a jikin kowane kaya, ku fara daga ƙasa ku hau a hankali, ku tsaya inda ya yi daidai ko da allon na da sauran lambobi. Bayan haka ku zauna ku nuna wa mutane dalili, da abin da za su iya riƙewa a hannu su shinshina, don kwaɗo kaɗai ba ya isa. Kafin kuma ku tuhumi wanda ke zaune kusa da ku, ku bincika hannu nawa kayan suka bi.

Agali ma ya yi ritaya. Yakan biyo gidana in ya shigo Tawa. Duk ranar da uwargida ta kawo mani tuwo ta cika kwano, sai ya leƙa ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan ai tamanin ne. Tsohon nan sha biyar yake ɗauka." Sannan ya jawo kwanon gabansa.